Ni da Madam Lum a Yawunde

Ana yayyafi jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga Ngaundere ya shiga Yawunde, babban birnin Kamaru. Na sauko da jakata, ƙafafuna sun kumbura saboda dogon zama, na tsaya a bakin tasha ina duban fuskokin mutane ko zan ga wanda aka turo ya tarye ni. Kowa ya kama gabansa. Masu taksi suna ta yi mini magana da Faransanci, ni kuwa ban san komai a cikinsa ba sai gaisuwa.

Sunana Hajara, mutuniyar Funtuwa ce ni, kuma Ingilishi na karanta a kwalejin horon malamai. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Nusaiba. Tun ban fita takaba ba yayansa ya fara maganar zai ɗauke ta ya kai ta gidansa a ƙauye, tunda a cewarsa albashin makarantar kuɗin da nake koyarwa ba zai riƙe mu ba. Game da albashin dai gaskiya ya faɗa. Shi ya sa da wani Alhaji Buba, mai sayar da yadi da ke zuwa sari Kano, ya aiko ta bakin kawuna cewa ya buɗe makaranta a unguwar Hausawa ta Yawunde kuma yana neman malamar Ingilishi daga Najeriya, ban daɗe ina shawara ba. Na bar Nusaiba wajen Inna, mahaifiyata, na taho.

Da na gaji da tsayuwa na kira Alhaji Buba. Ya ce ayyuka sun yi masa yawa, in tari taksi in ce Birik, kowa ya sani. Wata Bafulatana mai sayar da lemo ta ji ina Hausa a waya, ta tsayar mini da mota, ta yi wa direban bayani, ta sa mini lemo a hannu ta koma kan kayanta. Ko sunanta ban tambaya ba.

Briketeri ake rubuta sunan unguwar, amma Birik kowa ke cewa. Tun kafin in fito daga mota na jiyo ƙamshin tsire, na ji ƙarar kekunan ɗinki daga kowane lungu, na ji wani yana ƙwala wa wani kira da Hausa. Sai da na ji ƙwalla ta zo mini. Na ɗauka na iso gida ne. Ban kwana da yawa ba na gane Hausar tasu tana da ƙofofin da ban san hanyarsu ba. Makaranta lekol suke cewa, asibiti lopital, unguwa kartiye, in kuwa aka zo ƙirga sai su juye Faransanci gaba ɗaya su bar ni a tsaye. Kakanninsu daga Kano da Katsina da Zariya suka zo, amma ni 'yar Najeriya suke kirana, kuma ba da mugun nufi ba. Haka dai nake a wurinsu.

Makarantar tana saman wani shagon yadi, an shafe ta da sabon fenti, bencuna ma sababbi. Kwanakin farko ban shiga aji ba. Alhaji Buba ya riƙa zagayawa da ni gida-gida, ya gabatar da ni ga iyaye, ya ce in yi musu Turanci su ji. In na yi, sai ya dube su yana murmushi kamar shi ya ƙera ni. Iyaye suka yi ta kawo 'ya'yansu. Na fara koyarwa, na fara sanin sunayen yara, har na kira Inna na ce mata Allah ya yanke mana wahala.

Wata safiya na zo na tarar da sarƙa da kwado a ƙofar matakala. Mai gadin shagon ya ce jami'an hukuma ne suka rufe, domin tun farko makarantar ba ta da izini. Alhaji Buba kuwa ya tafi Duwala, wayarsa a kashe. Iyaye suka taru. Ba su san inda za su same shi ba, amma ni sun san fuskata, ni ce na shiga ɗakunansu na sha ruwansu. Wata mata mai suna Hajiya Zainabu ta riƙe gefen hijabina a gaban mutane ta ce tare muka shirya, 'yan Najeriya dama haka muke. Na yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurare ni. Kafin la'asar ƙanin Alhajin ya aiko cewa in kwashe kayana daga ɗakin bayan shago inda nake kwana, za a zuba kaya.

Ina zaune kan jakata a bakin kwata wata tsohuwa ta zo ta tsaya a kaina. Goggo Asabe ake ce mata, daddawa da kuka take sayarwa a ƙofar gidanta. Ba ta tambaye ni ko ina da hannu a abin da ya faru ba. Ta tambaye ni ko na yi sallar la'asar, na ce a'a, ta ce to in taso. Ta ba ni ɗakin 'yarta da ta yi aure a Garwa. A Birik aka haife ta, kakanta ne ya zo fataucin goro daga Kano ya zauna, ita ba ta taɓa taka Najeriya ba. In muna tsinke zogale sai ta riƙa tambayata ko da gaske ne ganuwar Kano tana nan, ko rijiyoyin marina ba su ƙafe ba. Ni da ban je Kano ba sai sau ƙalilan, nakan ba ta amsa gwargwadon abin da na sani.

Na gaya wa Inna abin da ya faru. Ta ce in dawo. Na ce in na dawo hannu biyu, da wane baki zan hana a ɗauke Nusaiba? Sai ta ce yayan mijin nawa ya sake zuwa. Da aka ba Nusaiba waya sai ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta ce tana so ta koma wasa. A makonnin farko kuka take yi in za mu yi sallama. Yanzu ta daina. Wannan dainawar ta fi kukan ci mini rai.

Na shiga neman aiki. Yawunde gari ne na tuddai, in ka hau wannan ka sauka sai wani ya tare ka, ga ruwan sama ba ya sallama. Na zaga makarantun unguwar Tsinga da na Ekudu, jar laka ta cinye mini takalmi. Ko'ina amsa ɗaya ce: Ingilishina ya yi, amma da wane harshe zan yi magana da iyaye da sauran malamai? Akwai ranakun da tun daga safe har in dawo gida ba wanda na yi wa magana ya gane ni, ba wanda ya yi mini na gane shi. Nakan zauna a inuwar wani shago in kalli mutane suna dariya, in yi ta ƙoƙarin gano abin da ya ba su dariyar daga hannuwansu.

A unguwar Messa, kusa da kasuwar Mokolo, ruwa ya kore ni ƙarƙashin wata rumfar kwano. Wata mace mai furfura, sanye da tabarau, tana suyar fanke, ga tukunyar wake da ta koko a gefe. Yunwa nake ji sosai. Da yake ba ni da wani harshen, na tambaye ta da Ingilishi ko wakenta babu nama a ciki. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta amsa mini da wani irin Ingilishi mai tsabta da rabon da in ji irinsa tun ina ɗaliba. Ta ce manja ne kawai da albasa, in zauna.

Ta ajiye mini kwano a kan teburinta, sai kwanon ya fara zamewa yana nufar cinyata. Ta tare shi da sauri, ta ba ni haƙuri, ta ce teburin nan tun da aka sauke shi daga mota yake "out of kilter".

Ban taɓa jin wannan maganar ba. Na ce ta maimaita, ta maimaita. Na gaya mata ni malamar Ingilishi ce amma wannan ta wuce ni. Sai ta goge hannunta da zani, ta rage wutar murhu, fuskarta ta canza. Duk wanda ya taɓa riƙe alli zai gane wannan canjin. Ta ce ana faɗin haka ne ga abin da yake da yadda ya kamata ya zauna, amma ya goce daga wurin. Bai karye ba, bai mutu ba, yana ma iya yin aikinsa, sai dai ba daidai ba. Ta girgiza teburin ta nuna mini ƙafar da ta gaza sauran. Na tambaye ta mene ne shi "kilter" ɗin. Ta yi dariya ta ce ta tsufa tana koyarwa, ba ta taɓa ganinsa yana yawo shi kaɗai ba, kullum a cikin wannan maganar yake.

Sunanta Madam Lum. Daga yankin Bamenda ta zo, inda ake Ingilishi, kuma shugabar makarantar firamare ce kafin rikici ya rufe makarantun yankin. Iyakar abin da ta gaya mini ke nan a ranar. Ruwa ya ɗauke ban tashi ba. Rabona da in yi doguwar hira da wani mutum har na manta.

Daga nan rumfarta ta zama zangona. In na gama yawon neman aiki sai in biya, in taya ta juya fanke, ita kuma ta riƙa koya mini Faransancin kasuwa, wanda ita ma da girmanta ta koye shi. Maganar teburin nan kuwa ta zame mana abin wasa. Duk abin da na gani sai in gwada ta a kansa, ita kuma ta yanke hukunci kamar mai duba jarrabawa. Agogon bangon mai shagon kusa da ita da kullum yake gaba da lokaci, ta ce ya dace. Ruwan sama da ya zo a watan da ba a saba ba, ta ce ya dace. Na nuna mata wata mota da ta ƙone aka yar a bakin hanya, ta girgiza kai ta ce wannan ta wuce nan, wannan gawa ce. Na nuna wani mahaukaci da ke wucewa, ta ce kul, ba a faɗa wa mutum sukutum haka, sai dai a ce barcinsa ko cikinsa.

Ita ma ta so ta san yadda za a faɗa da Hausa. Na ce ya karkace, sai na ga bai kama agogo ba. Na ce ya rikice, sai na ga ya yi wa tebur yawa. Na kai maganar gida wajen Goggo Asabe, ta ce ita dai a wurinta ya jirkice ne, ko kuma a ce ya saki hanya. Daga nan ta tambaye ni me nake nema kullum wajen wannan matar da ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba. Na ce hira. Ta ce ita ba ta ishe ni hira ba? Na rasa yadda zan gaya mata cewa a gidanta ni abar tausayi ce, a rumfar Madam Lum kuwa ni malama ce.

Jiri ya fara damuna ban gaya wa kowa ba. In na miƙe sai in ga ƙasa ta karkata gefe guda. Wata rana Madam Lum ta aike ni cikin Mokolo in sayo mata yis, ina dawowa na ga rumfuna suna juyawa, ban sake sanin komai ba sai farkawa na yi na ga kaina a cinyarta cikin taksi. Ta bar mai a kan wuta, ta roƙi maƙwabciyarta ta sauke. A wani ƙaramin asibiti aka auna ni, ma'aikaciyar ta yi ta bayani da Faransanci, Madam Lum tana juya mini. Jinina ne ya hau, ga rashin cin abinci, ga tunani.

"Kin gani, Malama," ta ce, tana gyara mini filo, "yau ga inda maganarmu ta zauna daram. Jikinki ne ya goce, kuma za a mayar da shi."

A nan suka haɗu da Goggo Asabe, wadda ta zo da kunun gyaɗa a fulas. Suka gaisa da Faransanci, suka ƙarasa da Turancin buroka, wanda ban san Goggo ta iya ba. Na ji suna faɗa a kan wace ce a cikinsu ta bar ni da yunwa. Da za ta tafi, Goggo ta zuba wa Madam Lum kunun a murfin fulas, ta karɓa ta sha. Tun daga ranar na daina ce mata Madam, na koma Mami, yadda yaran yankinsu ke kiran iyaye mata.

Bayan na warware ta gayyace ni inda take kwana, wata Lahadi da yamma bayan ta dawo coci. Ɗaki ɗaya ne a bayan wani gareji a Messa, ita da iyalin wata 'yar uwarta, an raba shi da labule. A nan ta ba ni sauran labarin, tana tsince wake, ba ta dube ni ba. An harbe mijinta a hanyar gona, har yau ba ta san ko su wane ne ba. Bayan haka aka zo aka cinna wa ƙauyensu wuta. Ita ta gudu ta bi ta rafi, ɗanta Emmanuel, wanda shi kaɗai gare ta, ya bi ta daji. Wayarta ta ƙone a cikin gidan, lambarsa kuma ta daina shiga. Ta nemi labarinsa a coci-coci da wajen duk wanda ya fito daga yankin. Wasu suka ce sun gan shi, wasu suka ce an kashe shi. Ta ce saurayi ne mai in'ina, bahago, kuma ya fara koyarwa ke nan a makarantarta.

Na so in ce wani abu. Da Hausa maganar jaje a shirye take, tun muna yara muke jin ta. Da Ingilishi kuwa na lalubi bakina na rasa. Abin da ya zo mini shi ne maganarmu ta kullum, sai na ce mata rayuwarta gaba ɗaya ta zama "out of kilter".

Ta daina tsince waken. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"A'a, 'yata. Ba nan ake sa ta ba," ta ce a hankali. "Tebur ake faɗa wa haka, da agogo, da jikin da zai warke. Wanda ya faɗe ta yana nufin akwai gyara. Gidan da aka ƙone ba gocewa ya yi ba. Mijina ba gocewa ya yi ba."

Na ce ta yi haƙuri, ban san abin da ake cewa ba. Ta ce ita ma da ta koyar da harshen ba ta sani ba, wataƙila babu. Sai ta ce in faɗa mata da yarenmu. Na ce Allah ya ba ki haƙuri, Mami, Allah ya sanyaya miki, Allah ya bayyana Emmanuel duk inda yake, Allah ya sa yana hannun mutanen kirki. Ba ta gane ko ɗaya ba. Da na tsaya ta ce in ci gaba. Na ci gaba har na fara kuka, ban san ko nata nake yi ko nawa ba.

Ita ce ta kawo shawarar mu buɗe darasin yamma. Ta ce malamai biyu suna zaune suna juya fanke alhali unguwa cike take da yaran da ke faɗuwa Ingilishi a lekol. Goggo Asabe ta ba mu zaurenta, ta kuma bi gidaje da kanta tana cewa ita ta tsaya mini. Na ji tsoro, domin ban manta ranar sarƙa da kwado ba. Yara kaɗan suka fara zuwa, sannan suka ƙaru. Mami takan rufe rumfa bayan azahar ta hawo tudu, ita ke magana da iyaye da Faransanci, ni kuma in yi wa yara bayani da Hausa. Hajiya Zainabu dai ba ta kawo nata ba, kuma har yau in mun haɗu a hanya kawar da kai take yi. Amma na fara aika wa Inna abin makarantar Nusaiba, yayan mijina kuma ya rage zuwa.

Mami ba ta daina son maganar teburin nan ba, har yaran ta koya wa. Wata yarinya ta rubuta cewa kakarta ta zama "out of kilter". Mami ta yi dariya har da riƙe ciki, ta tambaye ta me ya sami kakar, yarinyar ta ce gwiwa ce. Ta ce to gwiwar za ki ce, ki bar wa tsohuwa mutuncinta.

Abin da ban sani ba shi ne, Goggo Asabe ta ɗauki labarin Emmanuel da na ba ta ta raba wa direbobin unguwa. Mutanen Birik ba inda ba sa zuwa. Duk mai ɗaukar kaya zuwa bakin iyaka sai ta tsayar da shi ta ce in ya ji labarin wani saurayi mai in'ina, bahago, ɗan yankin Bamenda, ya gaya mata. Watanni suka wuce. Rannan ɗan ƙanenta Malam Iro, mai jigilar goro ta hanyar Banyo, ya zo ya tsuguna a ƙofar zaure. Ya ce a wani ƙauye kusa da Gembu, a kan tsaunin Mambila cikin Najeriya, akwai 'yan gudun hijira, kuma an ce masa akwai wani saurayi a cikinsu da ke tara yara a rumfar coci yana koya musu karatu, yana rubutu da hagu. Shi bai gan shi ba, kuma bai ji sunansa ba. Wani ɗan acaɓa ne ya gaya masa.

Ni na juya wa Mami maganar da Ingilishi. Na yi ƙoƙarin kada in ƙara ko in rage. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaya ko an ce yana in'ina. Malam Iro ya ce wannan bai sani ba. Ta zauna a kan bencin yara, sannan ta ce za ta je. 'Yar uwarta ta hana ta, ta ce bahagwai nawa ne a duniya, ga damina, ga hanya ba kyau, ga shekaru. Ni ma a raina ban so ta tafi ba, kuma na san ba don hanya ba ne kawai. Ta sayar da kaskonta da tukwanenta, Malam Iro ya ce zai kai ta har Banyo ya haɗa ta da wanda zai tsallaka da ita.

Da safe na raka ta inda ake lodin motar. Na gaya mata a can Hausa ce za ta fi yi mata amfani, ko a kasuwa ko a tasha. Ta ce to in koya mata, yau ita ce ɗaliba. Muna tsaye a gefen buhunan goro na koya mata sannu, da na gode, da ruwa. Sai ta ce ba waɗannan take so ba, in koya mata abin da za ta je faɗa.

Na ce, "Ina neman ɗana."

Ta gwada, harafin farkon ɗana ya ƙi fita, sai dana take cewa. Na nuna mata inda za ta sa harshe, ta sake, ya ƙi. Na ce ta bar shi haka, duk uwar da ta ji za ta gane. Ta shiga gaban mota kusa da Malam Iro. Ba mu rungumi juna ba, ta dai miƙo hannu ta taga ta gyara mini hijabi. Motar ta tashi ina ganin leɓɓanta suna motsi, tana maimaitawa.

Kaɗaicin da ya biyo baya ya fi na farko nauyi, domin na farko ban san abin da na rasa ba. Na riƙe darasin ni kaɗai da guntun Faransancina. Sau ɗaya na bi ta Messa, na tarar wani ya kama rumfar yana sayar da cajar waya, ban sake bi ta nan ba. Malam Iro ya dawo ya ce ya sa ta a kan babur a bakin iyaka, daga nan bai san komai ba. Lambarta ta Kamaru ba ta shiga. Goggo takan ce hanyar tsauni ce, a yi mata uzuri, amma na lura ta daina tambayata ko an kira. A kwanakin nan ne na yanke shawarar in an yi hutu zan je in ɗauko Nusaiba, Goggo ta ce ɗakin zai ishe mu. Haka kuwa aka yi daga baya, bayan doguwar magana da dangin ubanta, kuma yanzu ita ke gyara mini Faransanci.

Amma kafin nan, wata ranar Laraba ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara. Lambar Najeriya ce da ban sani ba. Na ɗauka wani abu ne ya sami Inna. Na fita ƙofar zaure na ɗauka. Iska tana ta bugun wayar daga can, sai na ji muryar da na sani tana magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, da Hausa.

"Malama Hajara. Na same shi."

Na jingina da bango. Abin da ya fara fita daga bakina shi ne tambayar wa ya koya mata wannan, don ni ban koya mata ba. Ta koma Ingilishi tana dariya tana kuka. Ta ce wata mai sayar da masa ce a tashar Gembu. Ta faɗa mata maganar da na koya mata, matar ta kama hannunta ta yi ta yawo da ita ƙauye-ƙauye, don ba a na farko aka same shi ba, ba kuma a na biyu ba. Da suka gan shi, matar ce ta riƙa faɗa mata kalmomin tana sa ta maimaitawa. Shi kuwa ya daɗe da yi mata makoki, an gaya masa ta ƙone a cikin gidan.

Ta ce in tsaya, ga shi. Na ji an miƙa wayar, na ji numfashin namiji. Ya fara gaishe ni, harafin farko ya maƙale masa, ya yi ta fama da shi. Yara sun leƙo daga zaure suna kallona, Goggo Asabe ta taso daga kan daddawarta tana tambayata lafiya. Na ɗaga mata hannu alamar ta dakata. Na riƙe wayar da hannu biyu, na jira shi har ya ƙarasa.